Jarrabawar Ummu Hamada

Tasnim ba ta cika shakkar kanta ba, kuma a yi mata adalci, tana da dalili. Tana shekarar ƙarshe a sashen koyon malanta na jami'ar da ke birni, kuma wata makaranta a garin Girga ta riga ta yi mata alkawarin aji, in dai ta kawo takardar kammalawa kafin a koma hutu. Ita kuwa jami'a ba ta sakin takarda sai ɗalibi ya koya wa manya huɗu karatu da rubutu, sun zauna jarrabawar yaƙi da jahilci sun ci. Akwai ɗan hasafi da ake ba ɗalibi a kan kowane mutum, amma ba shi ne ya dame ta ba. Mutanenta uku sun haye tun zaman farko. Saura mutum ɗaya, kuma zama ɗaya ya rage a shekarar.

Mirna, ƙawarta tun ajin farko, ita ta kawo mata hanya mai sauƙi suna cikin motar komawa gida.

"Ke dai kina son wahala. Ki samo wanda ya iya karatu amma ba shi da takarda, ki kai shi ya zauna, shi ke nan. Ɗan kawuna ya bar makaranta a aji biyar, jarida yake karantawa har da sharhin ƙwallo. In ba ki aronsa?"

"Ki riƙe kayanki," in ji Tasnim. "Ni da zan tsaya gaban aji, sai in fara da aron ɗalibi? Wadda ba ta san alif ba, ita zan ɗauka, ki sa ido."

"To, Malama babba. Allah ya ba da sa'a."

Wadda ba ta san alif ɗin ba kuwa tana nan bayan gidansu. Ummu Hamada mai cuku, wadda ke zama bakin kasuwar Talata da kwanonta, ita da kanta ta tare Tasnim a hanya. Ta ce ta gaji da tambayar yara wace mota ce ke zuwa ina, ta gaji da dangwala yatsa a gidan waya kamar mai laifi. Ɗanta Hamada, direban adaidaita, wanda da sunansa ake mata alkunya, bai so ba da farko. Daga baya ya yarda, amma ya ce shi zai kai katin shaidarta ofishin ilimin manya ya yi mata rajista da hannunsa. Katin nan dama a aljihunsa yake kwana, ba ya bari ya shiga hannun kowa. Tasnim har godiya ta yi masa, ya rage mata zirga-zirga.

Bayan la'asar suke zama, a tsakar gida kusa da tanderu, ƙullun burodi na shan rana a kan faifai, shayi baƙi ƙirin a tsakaninsu. Ummu Hamada ba ta ɗaukar harafi sai ta yi masa suna.

"Wannan mai tumbin shi ne maigari. Wannan mai ɗigo uku a ka, kaza ce ta bi ta kansa."

"Inna, shinun ne."

"Na sani, 'yar nan. Ai da sunan gida na kira shi."

Tasnim tana da doka guda wadda ba ta sassautawa: ba kwafa. A ji kalma da kunne, a tauna ta a baki, a raba ta, sannan a rubuta. In tsohuwar ta leƙa allo sai ta kife shi. Ummu Hamada ta yi ta ƙorafi, ta ce ko mijinta marigayi bai takura mata haka ba, amma kanta na ja. Kafin a gama saran rake tana karanta allon mota tun daga nesa. Lissafi kuwa, mai sayar da cuku ba a koya mata shi, lambobin kawai aka nuna mata. Ranar da Tasnim ta ce ta rubuta sunanta, ta zauna ta rattaba Ummu Hamada tsaf, ta ja layi a ƙasa. Suka yi guɗa su biyu har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Ranar jarrabawa Tasnim ta tashi da ƙarfin gwiwarta. Ta ce wa mahaifiyarta ta dafa miyar lalo da zomo, yau akwai biki. Hamada ya kwashe su a adaidaitarsa zuwa makarantar firamaren da za a zauna. Filin makarantar cike yake: tsofaffi da baƙaƙen mayafai, magidanta da rawuna, ɗaliban jami'a kowa na tsaye kan nasa kamar mai kiwo, direbobin adaidaita sun jeru a inuwar katanga suna hira. Mirna ma tana nan da ɗan kawun nata, wanda ya naɗe jarida ya soke a aljihu don kada a gani.

Wani ma'aikaci mai furfura ya tsaya bakin aji yana kiran suna da ƙarfi, wanda aka kira ya amsa ya shiga.

"Gamalat Abdus-Sabur!"

Ya duba filin, ya sake kira.

"Gamalat Abdus-Sabur!"

Tasnim ta waiga tana tausayin ɗalibin da tasa ta ƙi zuwa. Sai wani matashi cikin direbobin ya ƙyalƙyale da dariya, ya zunguri na kusa da shi, ya yi nuni da haɓa. Ta bi inda ya nuna, idonta ya sauka kan Hamada. Fuskarsa ta yi baƙi, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ummu Hamada kuwa ta ja mayafi ta rufe baki, idonta a ƙasa.

Wayyo. Nan Tasnim ta gane, kuma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita da ta tashi a ƙauyen nan, ta san yadda yara ke bin yaro da waƙa har gida in suka ji sunan uwarsa, ta san namiji ya gwammace a mare shi da a ambaci sunan a majalisa. Ita kanta ba ta taɓa jin yayanta ya furta na tasu uwar ba. Amma duk watannin nan da ta yi tana shan shayin matar nan, ko sau ɗaya bai faɗo mata a rai ba cewa kafin a haifi Hamada akwai abin da ake kiranta da shi.

"Tashi mu tafi, Inna," in ji Hamada, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni na ɗauka a takarda zai tsaya. Ban san shela za a yi ba."

Tasnim ta ruga wurin ma'aikacin. "Baba, don Allah, tawa ce. Ka kira Ummu Hamada, za ta amsa."

Mutumin ya dube ta ta saman tabarau. "'Yata, dubi filin nan. Ummu Hamada nawa kike so in tara miki? Abin da ke kan kati nake kira. Kuma shi za ta rubuta a layin farko. In sunan bai yi daidai da na kati ba, ba a ma duba takardar."

Wannan ce ta ƙarasa ta. Sunan da ta koyar, aka yi masa guɗa, ba shi da amfani a nan. Ajin Girga da miyar lalo da cika bakin da ta yi wa Mirna a mota, duk suka faɗo mata a rai lokaci guda.

Mirna ta matso ta cusa mata biro. "Ba lokacin tsayuwa ba ne. Rubuta mata a tafin hannu, ta shiga ta kwafa. Ba mai gani."

Tasnim ta karɓa. Allah ya sani ta karɓa, ta durƙusa gaban tsohuwar ta kamo tafinta. Ummu Hamada ta dubi biron, ta dubi Tasnim, ta janye hannunta a hankali.

"Ashe dokar taki ta tsakar gida ce kawai?"

"Inna, ban koya miki shi ba. Laifina ne. In kika faɗi..."

"Kika ce a ji da kunne a rubuta. To ai ban ji da kyau ba, hankalina ya tashi." Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara mayafinta.

Hamada ya sha gabanta. "Inna, a gaban mutanen nan? Gobe ina zan sa kaina a tasha?"

"Inda ka saba sa shi. Ni na haife ka, Hamada, ba kai ka haife ni ba. Tun da innata ta rasu ba wanda ya kira ni da shi. Ubanka ma, Allah ya jiƙansa, 'ke' yake ce mini har ya koma. Matsa."

Ya matsa. Ta taka har gaban ma'aikacin, ta ce, "Malam, sake faɗa. A hankali, kada ka haɗiye rabi."

Mutumin ya cire tabarau. Wannan karon bai ɗaga murya sosai ba, amma filin ya yi tsit har na bakin ƙofa sun ji.

"Gamalat Abdus-Sabur."

Leɓunanta suka motsa, tana taunawa tana rabawa, yatsanta na lissafa gaɓoɓin a gefen zanenta.

"Na'am," ta ce. "Ga ni." Ta shige.

Matashin nan ya sake buɗe baki zai yi dariya, wani dattijo mai rawani ya ce masa, "Kai, taka uwar daga sama ta faɗo ba suna?" Ya rufe bakinsa.

Jiran ya yi wa Tasnim tsawo. Ta mayar wa Mirna bironta ba tare da ta dube ta ba, ta je ta tsaya kusa da adaidaitar. Hamada na ciki, ya kifa goshi a kan sitiyari. Tsoro take ji, ba ta ɓoye wa kanta ba, amma kunyar ta fi tsoron yawa.

"Ka yi haƙuri," ta ce. "Da na tambaya tun farko, da ba a kai ga haka ba."

"Da kin tambaya da na hana," ya ce, bai ɗago ba. Can ya ƙara, "Da ya kira na farko, wallahi sai da na yi tunani kafin na gane wa ake nufi."

Aka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan kawun Mirna ne na farko, yana miƙa kamar wanda ya yi aikin ƙarfi. Ummu Hamada ce kusan ta ƙarshe, tare da malamar da ta tsare ajin, wata mai jiki da ake kira Madam Afaf.

"Wace ce malamar wannan?" in ji Madam Afaf.

Tasnim ta ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya.

"Sakamako sai ya fito daga ofis, ba ni ke ba da shi ba. Amma na ga takardar, ki kwantar da hankalinki. Shifta ba kuskure, lissafi ba kuskure." Ta yi dariya. "Sunan kuwa ta rubuta shi a layin farko, ta sake a gefe, ta juya baya ta sake. Sai da na ce Hajiya ya isa, mun gane ke ce."

Tasnim ta rungume tsohuwar tana kuka tana dariya, ita kuwa tana bubbuga bayanta tana cewa, "To, to, za ki karya ni. Je ki karɓi ajinki."

Da suka zo tafiya, Ummu Hamada ta tsaya a bayan adaidaitar. Ƙurar hanya ta lulluɓe baƙin ƙarfen. Ta miƙa yatsa ta ja harufan sunanta na kati manya-manya, daga wannan gefe zuwa wancan, ta ja da baya tana kallo.

Hamada ya zagayo, ya ga abin da ta yi, ya waiga wajen direbobin da ke inuwar katanga. Ya zaro tsumman goge gilashi daga aljihu ya ɗaga hannu. Shi ma makarantar bai yi nisa ba, ɗan abin da ya koya ya daɗe da zubewa. Hannun ya tsaya a sama.

"Daga ina yake farawa?" ya ce.

Ta kama yatsansa ta ɗora a kan harafin farko. "Daga nan. Faɗi."

Ya faɗa, can ƙasan maƙoshi, ita kaɗai ta ji sai Tasnim. Sannan ya mayar da tsumman aljihu, ya shiga ya tayar da inji. Hanyar gida biyu ce, akwai ta bayan gonakin rake wadda ba kowa, akwai ta tsakiyar tasha. Ta tasha ya bi.