Gungun Maiwa Ba Ya Cikin Waya

A unguwar Utaibiyya ta Makka kowa ya san Hajiya Yalwa da abu biyu: dambun kifinta da labarin Gungun Maiwa. Dambun saye ake yi. Labarin kuwa kyauta ne, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Tsibiri ne, in ji ta, a tsakiyar kogi can ƙasar Yawuri. Wasu masunta ne iska ta jefa wurin, suka shuka maiwa, suka gina masallaci tun kafin su yi wa kansu ɗakin kwana. Limanci yana gida ɗaya, ladanci yana gidan su Yalwa. Ranar Juma'a mutanen ƙananan tsibirai sukan zo a kwalekwale, kuma ba a tayar da salla sai na ƙarshe ya ɗaure jirginsa. Tana yarinya aka tare kogin, ruwa ya hau, aka kwashe mutane. Mahaifinta ya ce tunda tashi ya zama dole, shi gabas ya nufa.

Jikokinta, haihuwar Makka, ɗaukar abin suke tatsuniya. Ɗayarsu, Raghad, har waya ta ɗauko ta bincika, ta ce wa kakar tata da Larabci haɗe da Hausa:

"Ma fi, ya sitti. Babu garin nan sam."

Maganar ta yi wa Yalwa ciwo, don duk wanda zai shaide ta ya riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa kowane aikin hajji take tsare alhazan da suka zo sayen dambu da tambaya. Su girgiza kai, su karɓi ƙullinsu su wuce.

Bana wani Alhaji Zali ya ɗanɗana ya ce wannan ai kifin teku ne. Nan take ta gane masunci ne, ta jefa masa tambayarta.

"Gari? A'a, Inna. Maiwa dai wurin kamun kifi na, tsakiyar ruwa. Ba mu son shi ma. Akwai wani icce can ƙasa, ragar da yac ci mini Allah kaɗai ya san yawanta."

Yalwa ta ajiye cokali. Daɗi da baƙin ciki suka taso mata lokaci guda.

"Tsamiya ta," ta ce. "Ƙofar masallaci take. Gindinta babana ka tsayawa shi kira salla."

Zali ya sunkuyar da kai. "Subhanallah. Ni ko na sha zaginta, Inna. Ki gafarce ni."

Yalwa ta leƙa matakala ta ƙwala wa Raghad kira, ba ta daina ba sai da ta sauko.

"Alhaji, sake faɗi. A hankali, Hausarta ba ta da ƙarfi. Faɗa mata duka, har da zagin."