Awon Ƙofar Baya

Shaylene ce ta riƙe masa bakin tef ɗin awon, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai.

Verlin, mijina, ya durƙusa a ƙofar baya ta gidan yara masu naƙasa, sanye da rigarsa ta shugaban 'yan kwana-kwana na sa-kai, wadda ba ya fito da ita sai ranar fareti ko jana'iza. Yarinyar ta gangaro da kekenta na guragu har gabansa, ta miƙa hannunta mai lanƙwasa ta cafke ƙarfen tef ɗin tana dariya, miyau na bin haɓarta. A zatonta wasa ya zo yi da ita.

"Yawwa 'yan mata, riƙe nan da kyau," in ji shi, bai ko dube ta ba. Ya ja tef ɗin zuwa ɗaya gefen, ya daɗe yana kallon lambar kamar yau ya fara koyon karatu. "Ƙofar ta gaza da faɗin yatsa biyu. In gobara ta tashi, gadon jinya ba zai fita ta nan ba."

Roxanne, mai kula da gidan, ta ajiye kwandon wankin da ke hannunta. "Verlin, kai ka sa hannu a takardar amincewa da ƙofar nan kafin mu tare."

"Lokacin ban auna ba."

"To yau wa ya aiko ka da tef?"

Ya saki tef ɗin ya koma gidansa da ƙara, Shaylene ta ƙyalƙyale da dariya tana neman a sake. Ni kuwa ina tsaye da tukunyar miyar da nake kawo musu duk Asabar, na rasa inda zan ajiye ta.

* * *

Garinmu Ostrov abu uku gare shi: coci, rumbun masara, da makaranta. Ni ce mai dafa abincin makarantar tun kafin gashina ya fara fari. Kowace shekara a farkon Oktoba jiha takan ƙirga ɗalibai a rana guda, da wannan ƙidaya ake yanka mana kuɗin shekara. Ranar, ko mai mura sai an ɗauko shi daga gado an zaunar a aji.

Wani kamfani mai kula da yara masu naƙasa ya sayi gidan tsohon likita, ya kawo yara huɗu a Nuwamba, bayan an rufe ƙidaya. Doka ta ce dole makaranta ta karɓe su, ta kuma yi musu duk abin da suke buƙata, amma doka ba ta haɗo da ko dala ɗaya ba. Sai da aka ɗauki ma'aikaciyar jinya da mataimaka biyu, aka saka wa bas injin ɗaga keke. Iyayen yaran suna can birane masu nisa, harajinsu ma can yake shiga.

Shaylene shekararta goma, kuma gidan likitan ne na shida da aka kai ta. Duk sanda aka ɗauke ta daga wuri, takan datse bakinta ta daina ci. Wata guda na yi ina zama gabanta da cokali bayan an tashi daga cin rana, ina ba ta labarin kajina da rashin kunyarsu. Ran da ta buɗe baki ta karɓi dankalin da na dama da man shanu, na shige ɗakin ajiya na yi kuka. Roxanne ta faɗa mini abin da likitan yarinyar ya ce: in aka sake ɗauke ta ta daina ci, sai dai a huda cikinta a saka bututu.

A watan Maris kwamitin makaranta ya kira taro a ɗakin wasanni. Mista Pokorny, shugaban makarantar, ya tsaya ƙarƙashin tuta yana share zufa, ya ce abu uku ne a gabanmu: a sallami malamar kiɗa, ko a ƙara harajin gona, ko a haɗe makarantarmu da ta garin gaba. Wuri ya kaure. Mutanen da na sani tun suna zanin goyo suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fara da cewa shi ba ya ƙin yaran, sannan ya ɗora da "amma". Babu wanda ya ce a yi mota a je majalisar jiha a buga tebur. Jiha tana da nisa, gidan likita kuwa ga shi nan bayan coci. Da aka tashi na hango maza sun kewaye Verlin a wajen ajiye motoci suna magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka zancen farashin taki ne.

* * *

Ran awon, muna hawa hanyar gona na juya ga Verlin.

"Ka ji daɗi ko? Yarinya ta taya ka."

"Marlys, kada ki fara."

"Na fara ɗin. Kai da ka faɗaɗa ƙofar garken shanu a yini guda saboda sabuwar tarakta, yatsa biyu ne ya gagare ka?"

"Bangon bulo ne. Kuma ba gidana ba ne."

"Amma wutar da ba ta tashi ba taka ce."

Ya taka birki a gefen hanya har ƙura ta rufe mu. Ya juyo ya dube ni.

"Kin san nawa aka ƙara mana a gona bara? In aka rufe makarantar nan, jikokinki za su kwashe awa biyu a bas kullum, cikin ƙanƙara. Garin da ba makaranta, wa zai zauna a cikinsa? Ni na kawo yaran nan? Jiha da kamfani suka turo mana su hannu rabbana, suka ce ku ji da su. Ban yi ƙarya ba, Marlys. Ƙofar ta gaza."

"Ban ce ka yi ƙarya ba."

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ba mugu na aura ba. Mutum ne da zai fita tsakar hunturu ya ciro motar maƙwabci daga rami bai karɓi ko kofi ba. Kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

An ba kamfanin wata guda ya gyara ƙofar, ko a rufe gidan. Kafinta ɗaya ne a Ostrov, sai aiki ya yi masa yawa ba zato. Kamfanin ma ya duba ya ga rarraba yaran a wasu gidajensa ya fi masa sauƙi da fasa bango. Na roƙi Mista Pokorny ya sa baki, ya kalli takalminsa ya ce wannan ba hurumin makaranta ba ne.

* * *

Ranar tafiya na isa da safe da ɗan kwanon dankali mai ɗumi. Sai na tarar baranda cike da kwanuka. A garinmu ba a haihuwa, ba a mutuwa, ba a tashi daga gida, sai mata sun kawo girki, kuma ba su fasa ba. Ga gasasshiyar kaza da taliya, ga kek mai tuffa a ciki, ga burodin da ake sa wa 'ya'yan itace a tsakiya, an lulluɓe kowanne da tsumma mai tsabta. Babu ko ɗaya a ciki da yaran nan za su iya taunawa.

An riga an ɗaure keken Shaylene a cikin motar. Na hau na durƙusa gabanta.

"Shay, ni ce. Ɗan loma ɗaya kafin hanya. Kin san jar kazar nan ta sake kwana a motar Verlin?"

Ta dube ni, ta dubi akwatunan da ke bayanta. Na kai cokalin bakinta, ta datse leɓunanta har suka yi fari, ta juya fuska ga taga. Na sake gwadawa. Roxanne ta dafa kafaɗata.

"Bari haka, Marlys. Direba na jira."

Bayan sun tafi na tsaya a barandar ni kaɗai. Kowace mace ta manna sunanta da salatif a gindin kwanonta, yadda aka saba, don a san inda za a mayar. Babu wanda ya rage a gidan da zai mayar, sai na kwashe su na kai gida, na zuba wa kaji abin da ke ciki, na wanke su tas.

Da yamma na bi gari gida-gida. Kowacce ta fito ta karɓi nata da murmushi, ta juya shi ta duba sunan. Matar kafinta ce ta ƙarshe. Ta rungume kwanonta a ƙirji, ta karkatar da kai cike da tausayi.

"Allah sarki, bayin Allah," ta ce. "Sun dai ci ko?"