Ƙwai na Goma Sha Biyu

Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, duniyar tsohon direban ta koma ɗaki da falo. Mutumin da ya shekara talatin yana keta dazuka da tirela, yau zuwa banɗaki ma sai ya yi shawara da sanda. 'Yarsa ce ta sayo masa injin ƙyanƙyasar ƙwai, wai ko ya rage masa zaman shiru.

"Baba, don Allah idan 'yan tsakin suka fara huda ɓawo kada ka buɗe murfin," ta ce da safe tana neman makullinta. "Damshin ke fita."

Ya ce to. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Direban da bai taɓa jin ƙara a mota ya ƙi buɗe bonet ba, sau huɗu ya ɗaga murfin kafin azahar.

Tsaki goma sha ɗaya suka fito. Na goma sha biyu ya huda ɓawo ya tsaya, tantanin ciki ya bushe ya manne masa kamar leda. Baki kawai yake buɗewa, kukan ma ya fara dusashewa. Kunya ta kama tsohon, domin ya san aikin hannunsa ne.

Ya sa ƙwan a aljihu tare da auduga da tsinken sakace, ya ja ƙafa zuwa falo inda haske yake. Kujerar bakin taga mai lotsawa ce, ba ya iya tashi daga cikinta sai an ɗaga shi. Ya sani sarai, ya zauna.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai ya ɗauko mataccen hannun ya shimfiɗa a cinya, ya kwantar da ƙwan a tafinsa. Shi dai wannan ba ya rawa. Da hagu yake tsoma auduga a kofin ruwan da ke kan taga, ya ɗumama ta a bakinsa, ya jiƙa tantanin, ya ɓantari ɓawo kaɗan-kaɗan. Da jini ya ɗan tsatso sai ya dakata.

"Haba ɗan nan, yi haƙuri. Ni na jawo maka."

Can ɗan tsakon ya yunƙura ya zubo a tafin, jiƙe sharkaf, yana karkarwa. Ɗumi yake buƙata yanzu-yanzu, injin kuwa yana can cikin ɗaki, taku bakwai. Tsohon ya dafa sanda ya yunƙura, kujera ta mayar da shi. Ya sake, sandar ta sulɓe ta gangara ƙarƙashin tebur. Ya ƙwala kira, gidan babu kowa. 'Yarsa ba ta tashi daga aiki sai ƙarfe biyar, yanzu kuwa biyu da kwata.

Ya ɓalle maɓallan rigarsa da ƙyar, ya kwantar da ɗan tsakon a ƙirjinsa ta ɓarin da yake ji, ya rufe da tafin hagu.

"To, mu biyu ke nan," ya ce. "Ka daure, ni ma zan daure."