Landiroba Mai Laya

"Wannan ma ba za ta yi ba," in ji Jabiru. Ya fito daga ƙarƙashin motar yana kakkaɓe riga.

Maikuɗi, dillalin motoci na tashar Yelwa, ya harɗe hannuwa a ƙirji. "To wai mi kake so, Jabiru? Kwana da kwanaki kana yawo da ni. Wadda ta yi maka ka ce tsada, wadda kuɗinka sunka kai ka ce ba ta shiga laka."

"Landiroba nike so, mai ja da ƙafa huɗu."

"Kowa ita shike so. Masu lafiyar duk yaƙi ya kwashe, an yi Gabas da su."

Jabiru ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya rufe ido. Damina ce ta 1968. An toshe kogin Kwara da madatsa a Kainji, ruwa yana komowa baya yana cin gonaki da garuruwa. Ƙauyensu, Tungar Mati, can kudu da Wara, tun da rani hukuma ta kwashe mutanensa zuwa sabon gari a kan tudu. Mutum ɗaya ta ƙi tashi, ita ce mahaifiyarsa. Inna ta ce sai ta ga geron da za ta shuka a gonar mijinta ya shiga dami. To gero ya shiga dami, amma ruwa ya kewaye garin, saura wata fadama guda da ake iya bi.

Da wata ce, da jirgin ruwa ya ɗauko ta tuntuni, don Jabiru fataucin kifi yake yi kuma yana da jirgi mai inji. Amma tun ranar da kogi ya ci mahaifinsa aka tsamo gawar aka binne, Inna ta dafa Alƙur'ani ta rantse ba za ta ƙara sa ƙafa a jirgi ba. Tafiya kuwa ba ta iyawa, ƙafafunta sun kumbura. An gwada jaki, ya nutse har ciki. An gwada lori, sai da shanu suka janyo ta. Masu Landiroba biyu da ke Yelwa sun hana haya. Shi ya sa Jabiru, wanda ya koyi tuƙi yana yaron mota a lori, ya sayar wa wani masunci mai suna Dogo jirginsa, ya ƙulle kuɗin a lalita ya zo tasha.

"Tashi, ɗan Adda," in ji Kawu Gidaɗo, ƙanen Inna, yana zungurarsa da sanda. Kawu dillalin shanu ne, ya biyo shi ne don bai yarda Jabiru ya iya ciniki ba. Ya juya wajen Maikuɗi. "Kai kuma, na san irinku. Kowane dillali na da wata ramammiya da ya ɓoye bayan gida. Kai mu."

Maikuɗi ya yi dariya. "Bafillace, wagga ba saniya ba ce."

"Kai mu dai."

Ya kai su bayan kasuwar kifi, wani fili da ɗan kwangilar da ya gina sababbin gidaje ya bar tarkacensa. Can ƙarshe, kusa da tulin bulo, ga ta nan. Ƙofa ɗaya babu, tamfol ya yayyage, fitila ɗaya a fashe. Da Jabiru ya ɗaga bonet, kaza ta yi tsalle ta fito tana kyarkyara.

"Ɗan kwangila ya gama aiki, ya ce in rabu da ita," in ji Maikuɗi. "Tsufa ne kawai, ba ciwo."

Kawu ya kewaye ta a hankali kamar yadda yake kewaye sa a kara, kasuwar shanu. Ya bubbuga cinyarta da sanda, ya durƙusa ya leƙa ƙarfen ƙarƙashi. "Ƙashi na da kyau. Fata ce ta lalace."

Jabiru ya zura hannun tayarwa ya juya. Ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake, har gumi ya jiƙa masa baya, sannan ta kama da wata irin ƙara da ta tayar da angulayen kasuwa. Ya shiga ya zauna. Sai ya ga abin. Kusa da giya akwai wani gajeren ƙarfe a tsaye, an ɗinke kansa da jar fata, ɗinkin dukawa, fatar har ta yi baƙi tana sheƙi. Ya miƙa hannu.

"Kul," in ji Kawu, ya buge masa hannu. "Layar wani ce. Uwarka ba ta koya maka ba?"

Maikuɗi ya leƙo. Da gani shi ma bai taɓa lura da ita ba, amma nan take ya gyara murya. "Layar Dudu ke nan, direbanta. Ya shiga soja. Ka tambayi duk Yawuri, Dudu bai taɓa kwana cikin laka da motar ga ba. Ita ma da kuɗinta."

Aka zauna ciniki a inuwar bulo. Kawu ya taya, Maikuɗi ya ce albarka. Kawu ya tashi ya kama hanya, aka kamo shi. Ya ƙirga aibobinta tun daga fitila har salansa, Maikuɗi ya ƙirga garuruwan da ta je. A kan layar suka fi daɗewa, kuma a nan ne kawai Kawu ya sassauta, don shi bai iya rena irin wannan abu ba. La'asar ta yi kafin Maikuɗi ya miƙa hannu ya ce ya sallama. Da aka fitar da la'ada, abin da ya rage a lalitar Jabiru bai wuce na mai ba.

Da sassafe suka kama hanyar Wara. Motar tana gudu tana ɓarin hayaƙi, Kawu ya maƙale a gefen da babu ƙofa, ya ɗauke gwiwarsa nesa da layar. Da hantsi suka iso bakin fadama. Jabiru ya yi bismilla ya taka totur. Gindin motar ya yi ta wutsil-wutsil, laka tana tashi sama, amma da yake babu kaya kuma da gudu suka shigo, suka fita.

"Ka gani?" in ji Kawu. "Aikin Dudu."

Tungar Mati ba kowa. An kwashe jinkaye da ƙyamare, ɗakuna sun zama kamar tukwane a buɗe. Ruwa ya shigo har harabar masallaci, ƙananan kifaye suna yawo inda ake jera takalma. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, dammunan gero a tare a bayanta. Ta dubi motar sama da ƙasa. Ba ta kiran sunan Jabiru, ɗan fari ne.

"Maikifi, wagga ce ka sai da jirginka dominta?"

"Ita ce, Inna."

"An cuce ka."

"Adda, ni na yi cinikin," in ji Kawu.

"Shi ya sa."

Suka yi lodi. Gero ya cika baya har ya ɗara tamfol, ga turmi, ga dutsen niƙa, ga ƙore. Jabiru ya ɗauki Inna kamar yarinya ya zaunar da ita a tsakiya. Tabaryarta ta ƙi bayarwa, ta riƙe ta a tsaye tsakanin gwiwoyinta. Ba ta waiwayi ɗakin ba. Gonar mijinta ta duba, inda ruwa ya riga ya rufe kunyoyi.

Kafin su komo fadama an yi yayyafi, kuma ruwan tafki ya fara malalowa ta cikin ciyawa. Jabiru ya shiga da gudu kamar ɗazu. Suna kaiwa tsakiya motar ta yi nishi ta zauna. Ya sa giyar baya, ya sa ta gaba. Tayoyi suka yi ta kuka, mota ba ta motsa ba.

Kawu ya sauka, laka har ƙwauri. Ya tsaya yana kallo. "Taka." Jabiru ya taka. "Tsaya. Kai, ƙafafun gaba ba su komi. Na baya kaɗai ke haƙa rami. Ina ƙafa huɗun?"

Jabiru ya leƙo ya dubi tayar gaba. Shi dai ya san an ce Landiroba da ƙafa huɗu take ja, ya ɗauka haka take kullum. A lori bai taɓa ganin wani abu da ya wuce giya da birki da kuloci ba. Watau ruɓaɓɓiya aka sayar masa.

Suka sauke dutsen niƙa da turmi. Suka tura, suka haƙa da hannu, suka yanko ciyawa suka cusa. Babu itace ko ɗaya a kusa. Rana ta take, ta karkata. Ruwan da ke idon sawu ya kai gwiwa.

"Ku sa geron," in ji Inna.

"Inna, dominsa fa kika zauna."

"Na ce ku sa."

Jabiru ya ciro dami ya tura ƙarƙashin taya. Ya taka, taya ta markaɗe shi da laka. Ya sa wani, ya sa wani. Inna tana kallon gaba har lodin ya koma ƙasa da rabi. Motar ta ɗan ɗaga, ta sake zama.

A lokacin ne suka ji ƙarar inji. Jabiru ya san ƙarar kafin ya ga jirgin. Dogo ne, wanda ya sayi jirginsa, ya biyo sabon ruwa yana duba taru. Ya kashe inji daga inda zurfi ya ƙare.

"Jabiru, kawo tsohuwa in fid da ku. Kafin magariba ruwan ga ya shiga injinka."

Jabiru ya dafa bonet yana haki. Ya zagayo ya tsaya gaban Inna. Ba nauyi gare ta ba, ya sani, ɗazu ya ɗauke ta.

"Inna, ki yi kaffara daga baya. Ni zan ciyar."

"In ka taɓa ni, Maikifi, ban yafe ba."

"To mu mutu nan?"

"Kai ka tafi. Ka ɗauki kawunka."

Kawu ya leƙo ta gefen da babu ƙofa, gemunsa duk laka. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na san abin da ya faru. Layar ga ce. Ta shigo da mu don ta ɗauka Dudu ne, yanzu ta gane. Ba ta yi wa baƙo aiki."

"Wace laya?" in ji Inna.

Ya nuna mata da baki. "Har kuɗinta munka biya, Adda. Kada ki matsa kusa."

Inna ta dubi jar fatar da ke gab da ƙafarta. Ta daɗe tana dubanta. "Na bar kabarin mijina cikin ruwa. Gerona na cikin laka. Sai kuma in zauna ina tsoron fatar wani ƙato da ban sani ba?"

Ta ɗaga tabarya da hannu biyu kamar mai daka, ta sauke a kan abin. Aka ji ƙas. Ƙarfen ya nutse ƙasa ya tsaya a can. Kawu ya ja da baya yana salati.

Ɗinkin ya fashe. Jabiru ya sunkuya ya duba. Babu takarda a ciki, babu rubutu, sai tsumma da wani fasasshen ƙulli ruwan ɗorawa mai kaifi a baki. Dudu ya sa an ɗinke shi ne don kada ya yanke masa tafin hannu. Sheƙin fatar kuwa na yawan dannawa ne. Ashe shi ake dannawa ƙafafun gaba su kama. Jabiru ya tsaya yana kallon ƙarfen da ya shige ƙasa, sai ya haye kujera ya taka kuloci ya sa giya.

Motar ta girgiza. A wannan karon bonet ya ɗaga, tayoyin gaba suka kama suna watso laka har kan gilashi. Ta ja jiki kamar sa mai tashi daga kwance, ta hau kan markaɗaɗɗen gero, ta ci gaba. Kawu ya biyo ta da gudu yana faɗuwa yana tashi, sandarsa a sama. Jabiru bai ɗaga ƙafa ba sai da suka hau busasshiyar ƙasa.

Ya koma da ƙafa ya ɗauko turmi a ka. Dutsen niƙa ruwa ya riga ya rufe shi, ya lalube bai samu ba. Dogo ya ɗaga masa hannu, ya tayar da inji ya juya.

Rana na shirin faɗuwa suka shiga sabon gari. Gidajen siminti a jere, duk fuska ɗaya. Mutanen Tungar Mati suka fito suna yi wa Inna barka da zuwa, ta amsa da kai. Kawu yana ta mita tun daga fadama.

"Gobe tun da safe ina Yelwa. Sai Maikuɗi ya maido kuɗin laya."

"An sallama, Kawu. Kai ka ba da hannu."

"Laya na saya, ba tsumma ba."

Jabiru ya tsaya a ƙofar da aka ce ta Inna ce, ya sauke sauran geron. Bai kai abin da za ta ci zuwa rani ba. Ya ɗauke ta ya kai ta ciki. Ta dangwala tabarya a daɓen siminti, ta saurari ƙarar, ta yamutsa fuska.

"A waje za a aje turmin," in ji ta. Ta zauna a tabarma tana murza ƙafa. "Maikifi, yanzu da mi za ka koma kifi?"

"Akwai sauran garuruwa da ba su gama kwashe kaya ba. Zan riƙa yi musu jigila."

"To ka sa mata ƙofa, kada ta zubar da mutane."

Ya ce to. Ya fita don ya kashe motar, don tun ɗazu ya bar ta tana aiki, tsoron kada ta ƙi tashi. Ya zauna a kujera, ya murɗa makulli, ƙarar ta mutu. Ya ce bari ya ɗan dafa sitiyari kafin a kira salla. Da Kawu ya zo da buta, ya tarar da shi ya kifa kai yana barci, laka ta bushe masa har wuya.