Kafiretar Gwaggo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Wani tsohon manomi ne, kowa Mai Tarakta yake ce masa. Taraktar tasa tsohuwa ce tukuf, irin mai shan fetur ɗin nan da aka daina ƙerawa tun tuni. A da ja ce, amma rana ta cinye jan, sai ɗan abin da ya ɓuya a ƙarƙashin kujera. Ta girmi duk 'ya'yan gidan, shi ya sa suke ce mata Gwaggo. In ta yi tari da safe sai su ce, "Gwaggo ta tashi, a je a gaishe ta."

Duk shekara, da an ga hadari ya fara haɗuwa, sai ya turo ta tsakar gida, ya shimfiɗa buhu, ya kwance kafireta. Kafireta ɗin nan wani ƙarfe ne kamar dunƙulen hannu a gefen inji, a cikinsa fetur da iska suke gauraya kafin su wuce ciki. Ya wanke ta da fetur a tsohon kwano, ya hura ƙananan ramukanta da baki, ya mayar. Daga nan sai babban aikin. A jikinta akwai ɗan sukuru na tagulla, shi ke ƙayyade man da za ta sha. Sai inji ya yi ɗumi tukuna ake taɓa shi. A ɗaure shi a hankali har inji ya fara sarƙewa, sannan a sassauta kaɗan-kaɗan har muryar ta zauna daidai.

"In mai ya yi yawa, ido ya isa," haka yake faɗa wa duk wanda ya tsaya kallo. "Baƙin hayaƙi zai tona maka asiri. Amma in ya yi kaɗan, babu abin da za ka gani. Kunne ne kawai. Tana ƙonewa a ciki, kai kana murmushi."

Yana wannan aiki, matarsa, wadda yara ke kira Inna, tana ɗakin girki. Da ya gama sai ga ta da kofin shayi.

"Malam, ajiye ƙarfen nan haka, ka sha."

"Kin ji ta kuwa? Kamar amarya."

"Amarya mai haƙori biyu. Karɓi, hannuna ya gaji."

Shekara arba'in da 'yan kai suna haka. Kunnen tsoho kuwa ya fara nauyi. Ana yi masa sallama sau uku kafin ya amsa, rediyonsa har maƙwabta suna jin labarai kyauta. In an yi magana sai ya ce mutanen yanzu ne ke magana a cikin hanci. Hujjarsa ɗaya ce, kuma babu mai iya karya ta: kurma ba ya saita kafireta, shi kuwa duk shekara Gwaggo tana fita gona lafiya lau.

To, a cikin rani Inna ta kwanta. Kwana tara ta yi, Allah ya karɓi abarsa.

Babban ɗansa, wanda ke aiki a birni, ya dawo gida don a yi noman shekarar da shi. Mutum ne mai kirki, sai dai ba ya son ɓata lokaci. Ya zagaya taraktar, ya ƙwanƙwasa tayar, ya durƙusa kusa da kunnen uban.

"Baba, akwai mai sayen tsofaffin ƙarafa da ya yi mini magana. Mu sallami Gwaggo, mu riƙa ɗaukar hayar sabuwa. Kai ma ka huta."

"Ka sayar da gwaggonka? Da ita aka kai uwarka asibiti ranar da za a haife ka."

"Na sani, Baba. An ba ni labarin ya fi sau ɗari."

"To ka ji na ɗari da ɗaya."

Suka yi ta ja, har ɗan ya sauko. Ya ce in ta huɗe babbar gona bana ba tare da ta tsaya ba, ba zai sake tayar da zancen ba. In kuwa ta gaza, a bar shi ya kira mai ƙarafa. Ya ƙara da cewa zai kawo bakanike daga gari ya saita ta.

"Bakanike ya taɓa mini kafireta ina raye? Bar shi a garinsu."

Da hadari ya haɗu, tsoho ya shimfiɗa buhunsa. Ya kwance, ya wanke, ya hura, ya mayar, hannun bai manta komai ba. Ya tayar da inji, ya jira ya yi ɗumi, ya sa sukundireba a kan sukurun. Ya ɗaure. Ya sassauta. Ya karkatar da kai ya kai kunne har kusa da ƙarfen. Abin da yake ji guda ne, wani gurnani daga nesa, kamar ana niƙa a wata unguwa. Ya ɗaure, gurnanin bai sake ba. Ya sassauta, haka.

Ya daɗe a tsugune. Can ya ga baƙin hayaƙi yana fita daga salansa, ga kuma ɗansa yana tsaye a bakin zaure yana kallo. Ya yi maza ya ɗaure sukurun har hayaƙin ya ɗauke. Ya ƙara rabin juyi don ya tabbata. Ya ƙara wani rabin.

"Ta yi, Baba?"

"Ta yi."

Ya miƙe yana goge hannu. Bai san abin da ya sa ba, ya ji kamar aikin bai ƙare ba, ya tsaya yana duban ƙofar ɗakin girki. Sannan ya kashe injin.

Washegari da hantsi aka ɗaura garma. Ɗan ne ya hau, tsoho yana bin kunya a ƙasa da sandarsa. Kunya goma na farko lafiya. Daga nan Gwaggo ta fara rasa ƙarfi, tana atishawa ta kafireta, tana harbi ta salansa. Ɗan ya waiwayo yana nuna injin da hannu. Tsoho bai ji harbin ba, ya duba sama ya ga babu hayaƙi, ya yi masa alama ya ci gaba. Kafin rana ta take, ruwan lagireto mai sanyaya inji ya tafasa, tururi ya turnuƙe, ta yi wata irin shaƙuwa ta tsaya a tsakiyar gona. Ko kashi ɗaya cikin uku ba a huɗe ba.

Shanun maƙwabci ne suka jawo ta gida. Bakaniken da aka hana zuwa, shi aka kira. Ya buɗe kan injin, ya ciro bawul guda biyu, ƙarafan da ke buɗe hanyar hayaƙi su rufe, bakinsu ya cinye kamar ɓera ya gaigaye. Ya ciro fulogi ya nuna, fari fat.

"Yunwa ce ta kashe ta, Baba. An hana ta mai. Wa ya saita muku ita?"

Bakanike ya dubi fuskokinsu, ya sunkuyar da kai ya shiga tattara kayansa. Ya ce irin wannan bawul ɗin, ko a birni sai an yi sa'a.

Da la'asar Auta ta iso, ƙaramar 'yar gidan, daga garin da take aure. Ta tarar da uban zaune a kan buhu, sukundireba a hannu.

"Shekara arba'in ban taɓa kuskure ba," ya ce mata. "Bara ma ni na saita ta, da wannan kunnen. Me ya same ni bana?"

Auta ta dubi yayanta. Ya ɗaga kafaɗa, shi bai san komai ba. Ta zauna a ƙasa kusa da kunnen uban na dama, wanda ya fi ɗan ji.

"Baba, in faɗa maka wani abu, ba za ka yi fushi da mamaciya ba?"

"Faɗi."

"Inna ce. Tun da kunnenka ya fara nauyi. In kana juya sukurun nan, tana tsaye a bayan ƙofa da kofi a hannu, ta kasa kunne. Ko tari muka yi sai ta harare mu. Da ta ji muryar ta zauna sai ta fito da sauri, ta ce ka ajiye ƙarfen. Ta ce shekara talatin tana jin Gwaggo ta taga, ta fi sanin muryarta a kan ta 'ya'yanta."

Tsoho ya juyo ya dube ta.

"Shekara nawa?"

"Bakwai, ko takwas. Ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Da na san jiya za ka yi, da na zo. Ko da yake ni ma ban iya ba, Baba. Na sha tsayawa kusa da ita, duk ƙara ɗaya nake ji."

Ya juya sukundireban a hannunsa, ya juya.

"Shi ya sa wata shekarar shayin yake zuwa da sanyi," ya ce. "Na yi ta yi mata faɗa. Na ce mace har ta tsufa ba ta iya kawo shayi da zafinsa ba."

"Ta ce a shekarun nan ka cika wuce wurin da muryar ke zama daidai. Sai ta jira ka dawo."

"Ita kuwa me ta ce da na yi faɗan?"

"Kai ka sani, Baba."

"Ta ce in yi haƙuri."

Ɗan ya matso, murya ta sauya. Ya ce a manta da maganar da suka yi, zai nemo bawul ko a ina yake, kuma a bar Gwaggo a rumfa ko ba za ta sake motsi ba.

"A'a," in ji tsoho. "Magana muka yi. Ko ka samo, wa zai ji ta? Kira mutuminka. Amma ka bari sai na shiga ɗaki."

Mai ƙarafa ya zo ranar Laraba da babbar mota da mutum huɗu, suka ɗora ta. An ƙarasa huɗar da taraktar haya, an makara da kwana goma sha biyu, hatsin bana bai kai na bara ba. Babban ɗan ya koma birni bayan girbi, gonar kuma ya ba wani ɗan baffansu yana nomawa. Auta ta ɗauki uban ta tafi da shi gidanta, aka ba shi ɗakin da ke kusa da zaure. Damina biyu ya yi a can, ya rasu a farkon ta uku.