Kwanon da Ya Tsallaka Danga

"Ban shiga!" in ji Moctar daga kan tabarma. "Lamine, maida motar ga inda ka aro ta."

Hindu na tsakar gidanta tana ɓarar wake ta jiyo muryar maƙwabcin nata ta saman danga. Kwanansa tara a kwance, ga ɗansa ya taso tun daga Tasawa don ya kai shi gidan likita, amma tsoho ya kafe.

"Baba, tahiyar ba ta da nisa."

"Ko taki guda ce. Ni da mota mun yi bankwana tun kana goye."

Duk Urafane babu wanda bai san dalili ba. Shekara ashirin da uku ke nan, wata ranar kasuwa, Moctar yana jandarma, ya sha giya ya yi tatul, ya tuƙo motar aiki ya bi ta kan Jatau, mijin Hindu. Ƙafar dama ta karye wuri biyu, ba ta sake miƙewa daidai ba. Hindu da hancinta ta ji warin giyar lokacin da ya sunkuyo yana salati. Da direban kasuwa ne, da ya ga alƙali, ya ga gidan kaso. Shi kuwa manyansa suka rubuta cewa birki ne ya ƙi, aka ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa, magana ta mutu. Mai uwa a bakin murhu ai ba ya cin tuwonsa gaya.

Sai ga shi bayan ya ajiye aiki ya dawo da matarsa Sa'adiya, ya rasa inda zai sayi gida duk faɗin garin sai jikin dangar Jatau. Kowace damina, kafin ya taɓa tasa gonar, sai ya nome ta Jatau tas. Ba a roƙe shi ba, ba a kuma gode masa ba. Da la'asar su biyun su zauna a inuwar bishiyar bedi suna dara, suna yi wa juna tsiya kamar taubasai.

Hindu dai ba ta sauko ba. Gaisuwa tana amsawa, don ba ta gaji rashin kunya ba, amma shekara goma sha ɗaya da dawowarsa kwanon abincinta bai taɓa tsallaka dangar nan ba, alhali har gidan Miriyam na ƙarshen layi yana zuwa. Ita ta yi jinyar Jatau, ita ta sayar da tumakinta, ita ta san abin da ta gani. Haushin Moctar take ji, kuma ba ta ɓoye ba.

Ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sandar mijinta ya shiga gidan Moctar.

"Jandarma, mi ya hana ka mutuwa har yanzu?" in ji Jatau.

"Kai nike jira, gurgu. Zamna." Ya yi tari mai tsawo. "Hukuma ta sake ni, Jatau, amma inda za ni babu kumandan da zai rubuta mani birki. Ban taɓa jin ka ce ka yahe ba."

Jatau ya kwashe da dariya har sandarsa ta faɗi. "Ni? Tun daminar hwarko na yahe maka! Shiru na yi kar ka daina noman."

"Allah ya isa, ɗan banza," in ji Moctar, shi ma yana dariya yana haki. Can ya ce, "To saura mai gidanka ta gaskiya. Na san tana bayan danga, ɓarar wake ba ta shiru haka."

Hindu ta dubi hannunta, ashe ta daɗe da daina ɓarar. Ta nemi haushin nan da ta yi shekaru tana tattali, ta tarar ya ƙare, kamar rumbun da aka daɗe ana ɗiba ba a leƙa ba. Tausayinsa ne kawai ya rage, da kunyar kanta kaɗan.

Ta tashi ta dama kunun tsamiya, ta zuba a kwanonta mai murfi, ta miƙa ta saman danga.

"Sa'adiya, amshi ki ba shi. Ki ce mashi na yahe, duniya da lahira."

"Na ji da kunnena," in ji Moctar. "Akwai sukari?"

"Sha haka nan, Jandarma, kar ka wuce gona da iri."

Ludayi uku ya sha, ya ce bai taɓa shan kunu irinsa ba. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa, fuskarsa a sake. Aka ɗauke shi a kafaɗa zuwa maƙabarta, motar Lamine tana ajiye a ƙofar gida. Masu makara suka riƙa rage sauri don Jatau ya cim musu.

Ranar sadakar uku da safe, Hindu ta fito shara ta ga kwanonta a kan dirkar danga, an wanke shi fes. Ta buɗe murfin. Sa'adiya ba ta maido shi wofi ba, ta zuba gyaɗa soyayya, da sauran ɗuminta.