Shugabar Matan Kasuwa

"Ba zan durƙusa ba, Madam," na ce.

Madam ta sauke takardun hannunta, ta dube ni ta saman tabarau. Ita ce malamarmu a wata cibiyar koyar da Faransanci a birnin Alƙahira, kuma ita ta shirya wasan kwaikwayon da muke gwadawa. Shekarar 1989 ce, Faransawa na bikin cika shekara ɗari biyu da juyin juya halin da ya kayar da sarautarsu. An yi alkawarin duk wanda ya fito a wasan za a kai shi Paris a watan Yuli, a sake yin sa a can. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram nake mafarkin ganin Paris.

Ni aka ba shugabar matan kasuwa, waɗanda suka taka a ƙafa cikin ruwan sama har fadar sarki suna neman burodi. Ƙawata Naomi aka ba sarauniya.

Naomi 'yar Malam Habila ce, ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya. Mota ke sauke ta a bakin ƙofa. Ni kuwa daga unguwar Darrasa nake zuwa, a tsaye cikin bas, daga ɗakin da yayana Yakuba ya kama mana. Faransancinta sabon koyo ne, ni nake gyara mata furuci bayan an tashi aji. Amma da aka zo rabon matsayi, Madam ta ce Naomi tana da wuyan sarauniya. Wuya! Ina karatun tarihi a jami'a, ita kuma wuya gare ta. Aka ɗinka mata rigar siliki mai ruwan zuma, ni aka miƙo mini tsohon siket mai faci.

Duk na haɗiye wannan. Sai ran nan Madam ta ga A'i, 'yar ajinmu daga Maraɗi, ta durƙusa har ƙasa tana gaida wata dattijuwa Bahaushiya a bakin titi. Abin ya burge ta. Ta ce idan sarauniya ta fito baranda, shugabar matan kasuwa ta yi irin wannan durƙuson, gwiwa biyu a ƙasa, kai a sunkuye. Wai 'yan kallo a Paris za su so shi.

"Wasa ne kawai, Asama'u," in ji Madam.

"Matan nan igwa suka jawo da hannunsu, Madam. Washegari suka taso sarki da iyalinsa a gaba har Paris. Wadda ta yi haka ba gaisuwa ta zo ba."

Naomi na kan kujerarta tana fifita. Ta ce da Hausa, "Ke dai yalla, yi sauri ki durƙusa mu tashi, yunwa nake ji. Ki ƙara da ranki ya daɗe, in ba ki tukwici."

'Yan Hausan ajin suka kwashe da dariya.

"Ranki ya daɗe," na ce, ina tsaye ƙyam. "Na karanta yadda aka fille wuyan nan a ƙarshe. Ki lallaɓa shi."

Madam ba ta ji abin da muka ce ba, amma ta ga fuskata. Ta ce in yi tunani kafin gwaji na gaba.

A gida na tarar da Yakuba yana ɗaure dilar gyaluluwan da ya saro a kasuwar Ataba. Na ba shi labari.

"Ba kya durƙusa wa Inna?" ya ce.

"Inna ce ta haife ni, Yaya. Naomi me ta yi mini?"

"Ke ba tarihi ke cin ki ba. Rigar nan ce."

"Duka biyun ne," na ce. "Kuma kowanne ya ishe ni dalili."

Ana gobe gwaji sai ga Naomi a Darrasa, tana tsallake ruwan kwata da farin takalminta. Ta zauna a bakin katifata ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri ƙawata, tsokana ce. In kina so, in roƙi Madam mu yi musaya. Ni ban ƙi in durƙusa miki ba."

Wannan ya fi dariyar ciwo. Tana da mota, tana da riga, ga shi har da halin kyauta. Abin da ya kamata a ba ni don na cancanta, yanzu ita za ta miƙo mini kamar sadaka.

"Ki riƙe kambinki," na ce. "Khalas, shi ke nan."

Da aka zo gwaji na sake tsayawa ƙyam. Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi siket ɗin ta ba A'i.

Ranar da aka yi wasan a Alƙahira na je, na zauna a layin baya. Naomi ta fito baranda, fitila ta haska silikin, kowa ya yi tsit. Ta yi kyau ƙwarai. Kowace kalma ta fita daidai yadda na koya mata. A'i ta zube gwiwa biyu, aka yi ta tafi. Na zauna har aka gama, ban tafa ba, ban kuma fita ba.

A watan Yuli suka tashi. Ni na yi zafin Alƙahira a ɗakinmu, ina taya Yakuba ninke gyale. Da suka dawo, cibiyar ta zaɓi A'i ta ci gaba da karatu a Faransa. Naomi ta daina zuwa neman gyaran furuci, ni ma ban neme ta ba.

Ban durƙusa ba. Na rasa tafiyar Paris, na rasa gurbin karatun da ya biyo bayanta, na kuma rasa ƙawar da nake da ita a garin nan.